Shekarar da Hanya Ta Ci Zaurenmu

Ina goyon ɗiyata ta biyu masu awon hanya suka shigo unguwarmu, can wajen Ƙofar Dundaye. Lokacin soja ke mulki, kuɗin man fetur sun shigo gari, ana ta labarin siminti da rodi da ake saukewa ko'ina. Ni ban ga masu awon ba, domin ba na fita. Maigidana ne ya shigo da hantsi, ya durƙusa bakin ɗakin mahaifiyarsa, ya ce wasu mutane sun shafa jan fenti a bangon zaure.

"Mi sunka ce?" in ji ta.

"Ba su ce komi ba, Inna. Na tambaye su, sunka ce su ma aiko su anka yi."

Maigidana baduku ne. A zauren nan ya gaji ubansa, nan yake ɗinka takalma da jakunkuna na jar fata, nan masu saye ke iske shi. Gidan na laka ne: zaure, shigifa, sai tsakar gida da ɗakuna uku. Inna kuwa tun tana amarya take cikinsa.

Bayan katangarmu ta gabas akwai gidan haya. Wani malamin firamare ke ciki da iyalinsa, Kiristoci ne daga wajen Filato. Matarsa ita ce aminiyata. Akwai wurin da katangar ta zaizaye, in na taka turmi muna ganin juna. Ta nan nake miƙa mata fura, ita kuma ta miƙo mini gwate in ta dafa. Ranar da naƙudata ta fari ta zo da gardama, ita ce ta tsallako katangar ta riƙe ni har aka samo mota. Da yake tana zuwa kasuwa, a bakinta nake jin abin da gari ke ciki.

Da yamma ta leƙo ta kira ni. Ta ce ta bi jan fentin da ƙafa tun daga bakin masallaci har kwatar ruwa.

"Naku rabi zai ci," ta ce. "Namu kam duka ne."

Mai unguwa ya tara maza, suka shirya zuwa ofishin da aka ce daga can abin ya fito. Mijin aminiyata ya bi su saboda yana jin Turanci. Sun yini a baranda kafin a shigar da su. Maigidana ya ba mu labari cewa wani saurayi ne ya tarbe su, ya gaishe su da ladabi, ya shimfiɗa musu taswira a kan tebur. Ya ce babbar hanya ce za a yi mai hannu biyu, da fitilu a tsakiya, masana daga ƙasar waje suka zana ta, gwamna kuma ya riga ya sa hannu. Mai unguwa ya roƙa a ɗan karkata ta wajen juji, inda ba kowa. Saurayin ya ce ba shi da ikon taɓa layin ko da faɗin yatsa, ya ƙara da cewa gidan gwaggonsa ma yana ciki. Wannan maganar ce ta kashe musu jiki. Sun je da shirin gardama, sai suka iske wanda ba shi da abin da zai hana su ko ya ba su.

Abin da suka dawo da shi ke nan: wanda hanya ta cinye gidansa duka za a ba shi fili a bayan gari. Ɗan haya ya nemi wani wuri. Wanda aka ci masa rabi kuwa, ai yana da wurin kwana.

Kafin ranar rusawa maigidana ya cire ƙofar zaure da azarar rufin da hannunsa, ya jibge su a tsakar gida, ya kwashe fatunsa da kayan aikinsa ya tura ƙarƙashin gadona. Ranar da katafila ta zo, sojoji ma sun zo a motarsu. Ba su daki kowa ba. Sun zauna a inuwar dogon yaro da bindigoginsu a cinya, ya ishe mu.

Na roƙi Inna ta shiga ɗaki, ta ƙi. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zauna da carbinta. Muna jin katafilar tana cin gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya har ta iso namu. Zaure bai yi wata gardama ba. Da bangon shigifa ya faɗi, ƙura ta lafa, sai ga mu a fili. Ga leburori, ga 'yan kallo, ga sojojin can, duk suna ganin murhunmu da randunanmu da tsumman goyo da na shanya a igiya. Na ruga ɗaki da yarinya a baya. Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska, ba ta tashi ba har suka wuce gida na gaba.

Mijin aminiyata ya nemi wani gidan haya kusa da makarantarsa bai samu ba, domin duk waɗanda aka tasa nema suke yi. Suka ɗan raɓa a wurin wani ɗan garinsu, daga baya ya nemi a mayar da shi gida. Ranar tafiyarsu ta zo yi mana sallama. Lokacin mun kewaye gaban gidan da zana, ta ɗage ta kawai ta shigo. Ta durƙusa ta gaida Inna.

"Inna, za mu tafi. A yafe mana."

"Ba ki yi muna komi ba sai alheri, ɗiyata. Allah shi kai ku lahiya."

Muka shiga ɗakina ni da ita. Ta karɓi yarinyar ta riƙe ta, can ta miƙo mini ita ta fita. Ban iya rubutu ba a lokacin, sunan garinsu ma sau ɗaya na taɓa ji. Ban sake jin ɗuriyarta ba.

'Yan kwangila suka haƙe gaban gidanmu, suka tara jar ƙasa tuli-tuli. Ana cikin haka wata safiya rediyo ya ce an yi juyin mulki, wasu sojojin sun karɓa. Aiki ya tsaya. Aka kwashe motoci, aka bar katafila ɗaya da ta lalace, awaki suna kwana a ƙarƙashinta.

Sai damina ta faɗi. Unguwarmu tana da tsohuwar kwata da maza ke yashewa da aikin gayya kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ita ke kwashe ruwan unguwa ta kai shi gangare. Ƙasar rusau ta binne ta. Ruwan farko ya cika ramin hanya, na biyu ya biyo ta ƙarƙashin zana ya shigo mana. Muka yi ta kwarfa da ƙwarya da fanteka. Wata azahar ana tsuga ruwa bangon ɗakin Inna ya jiƙe ya zame gaba ɗaya. Allah ya sa tana ɗakina tana riƙe mini yarinya.

Da kaka ta yi, maigidana ya gyara ɗakin, ya kuma sa aka kawo masa laka zai mayar da zaurensa, tunda hanya ta ƙi zuwa. Ya fara buga tubali ke nan mai unguwa ya zo. Ina jin su ta bayan zana.

"Ka yi haƙuri, Malam. Wuringa na gwamnati na yanzu. In ka aza tubali ko guda, ni za a kira."

"To hanyar, ana yin ta ko an hwasa?"

"Wallahi ban sani ba."

Suka sake komawa ofis. Saurayin nan an canza masa wurin aiki. Wanda suka iske ya ce ba a soke hanyar ba, ba a kuma ba da umarnin ci gaba ba, su jira. Tubalan suna nan jere a filin har ruwan wata shekara ya narkar da su.

Maigidana ya koma raɓe a gefen rumfar wani abokin sana'arsa a kasuwa. Masu sayen da suka san shi a zaure da yawa suka ɓace masa. Ya zama mai yawan shiru. Inna kuwa ta daina zama a tsakar gida, ko alwala a ɗaki take yi, domin duk wanda ya hau tulin ƙasar nan yana hango mu. Rannan ƙanenta ya zo daga ƙauye, manomin shinkafa ne a fadama. Ta ɗaure kayanta a zane ta ce za ta bi shi ta sha iska.

"In an gama hanya ku aiko mani," ta ce da ɗanta.

Ya ce to. Ya ɗauki ƙunshin ya raka su tasha.

Damina uku ta yi a can. Duk wanda zai shigo birni sai ta ce ya dubo mata ko an zuba kwalta, mu kuma mu ce a gaya mata ana nan ana shiri. Ba ta dawo ba. Aka aiko mana da rasuwarta ranar wata kasuwa, kafin maigidana ya isa har an kai ta. Ya kwana biyu ya dawo da tabarmarta da butarta. Ya tsaya a tsakar gida yana duban zanar da gara ta cinye daga ƙasa, ya ce in tuna masa gobe ya sayo sabuwa.