Motar Kifin da Ke Sunan Man-sik

Pyo Man-sik bai iya zama wuri ɗaya ba. Tun yana walda a wajen ƙera jiragen ruwa a Busan haka yake, a tsaye yake cin shinkafarsa. Da ƙarar ƙarfe ta kashe masa kunne ɗaya, bayansa kuma ya ƙi miƙewa, aka sallame shi ya koma ɗakinsa can saman tudu. Shi da matarsa Geum-rye tallafin gwamnati ke riƙe da su, shi ke biyan wankin ƙodarta a asibiti.

Wata rana aka kira shi ofishin unguwa. Ma'aikaciyar, wata mai suna Byeon, ta juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Baba, yanzu na'ura ke haɗa bayanai. Na haraji, na banki, na rajistar motoci, duk takan gwama su da sunayen masu karɓar tallafi. Ta ce kana da motar ɗaukar kaya."

"Ni? 'Yar nan, ko keke ba ni da shi."

"Hatiminka ne a kan rajistar."

Man-sik ya duba fuskar kwamfutar. Hatimin nasa ne, wanda a nan shi ne sa hannun mutum. Shekarun baya ƙaninsa Man-ho ya karye a kasuwa, sunansa ya ɓaci a banki, ya zo ya durƙusa yana roƙon aron suna don ya sayi motar kifi. Babban ɗa ba ya hana ƙani aron suna, haka suka taso suka ga ana yi. Man-sik ya miƙa masa hatimin, ya manta da zancen. Bai taɓa shiga motar ba.

"Ta ƙanina ce."

"Na yarda, Baba. Amma na'ura ba ta san ƙani ba. In wata ya ƙare motar na sunanka, za a dakatar da komai, har asibitin Mama, a kuma rubuta cewa ka ɓoye dukiya."

Bai koma gida ba, kasuwar kifi ya gangara. Ya tarar da Man-ho cikin takalmin roba yana sauke kwanduna.

"Yaya! Me ya sauko da kai daga sama? Ko matakalar tudun ce ta kore ka?"

Man-sik ya faɗa masa. Man-ho ya yi dariya.

"Kwamfuta ce fa za ta tayar maka da hankali? Bari kasuwar kaka ta wuce, in mayar da ita sunan surukina."

"Shekara nawa kana mayarwa?"

"Haba Yaya. In motar nan ta tsaya, me yarana za su ci? Ruwan teku?"

"Matata fa? Kai za ka wanke mata jini?"

Man-ho ya yi rantsuwa, ya ƙara rantsuwa, ya cika masa leda da kifi. Man-sik ya bar ledar a kan tebur ya tafi.

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Ya kira wayar Man-ho ba a ɗauka. Ya sauka ya hau, ya sake sauka. Ya gyara ƙyauren maƙwabci da ba wanda ya sa shi. Ya wanke tukwanen da aka riga aka wanke.

"Baban Sun-ja, zauna mana, kana sa ni jiri," in ji Geum-rye daga kwance, da sunan 'yarsu take kiransa. Can ta ƙara da cewa, "Ka ƙyale ƙanin nan naka. Ni ma allurar ta ishe ni."

Da gari ya waye Man-sik ya ɗauki sufana. Motar na ajiye bayan kasuwa. Ya durƙusa da ƙyar, ya kwance lambar gaba, ya zagaya ya fara ta baya. Man-ho ya taho a guje.

"Yaya, ka haukace ne?"

"Gwamnati ta ce tawa ce. To na zo wajen motata."

"A gaban mutane? Ni za ka tozarta?"

Man-sik ya sa lambobin a hammata, ya wuce ofishin rajista ya soke rajistar motar. Byeon ta ce asibiti zai ci gaba, amma binciken shekarun baya yana nan, sai ya riƙa zuwa yana amsa tambayoyi. Ya ce zai zo.

Ranar tunawa da mahaifinsu Man-ho bai hau tudun ba. Man-sik ya jera shinkafa da miya da giya a kan tebur, ya buɗe ƙofa kamar yadda ake yi wa mamaci, ya yi gaisuwar shi kaɗai. Miyar ta huce yana tsaye a bakin ƙofa yana leƙen hanya.