Tafiyar Hantsi a Filin Ƙwallo

Ina da shekara goma sha biyar lokacin da yajin aikin malamai ya ƙi ƙarewa, aka rufe mana lakwal wata da watanni. Mutanen Tahoua suna ta zancen jam'iyyu da zaɓe a gindin rediyo, ni kuwa gwiwoyina da kafaɗuna suka dame ni. Tun ina ɗan shekara goma ciwon ya kama ni. A likita an ce sanyin ƙashi ne, aka ba ni ƙwayoyi, ya lafa kwana biyu ya dawo. Da babu lakwal sai na shimfiɗa tabarma a zaure, ko masallaci na daina zuwa.

Malaminmu na wasanni ne ya tashe ni. Tsohon ɗan kokowa ne da ya karye a ƙugu tun yana saurayi, yana tafe yana ɗingishi. Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci. Ya gaisa da mahaifina, ya leƙo zauren ya ce, "Gobe da hantsi ina jiranka filin ƙwallo. In ba ka iya tafiya, ka rarrafo."

Mu biyu ya tara, ni da wani ɗan ajinmu, ɗan garin Barmu, da ke zaune wajen kawunsa don karatu. Nasa ciwon ya fi nawa, amosanin jini ne. Siriri ne, idanunsa kullum rawaya-rawaya, ga son dariya.

Abin da Mushe ya koya mana ba shi da yawa. Mu taka daga bakin fili zuwa wani icen dogon yaro, mu zauna tun ciwo bai zaunar da mu ba, mu ja numfashi a hankali, mu dawo. Ya nuna mana yadda ake gasa gaɓa da tsumma da ruwan ɗumi. Kullum kafin mu fara sai ya tambayi kowa, "Yau mi kake ɗauke da shi, kaza, akuya ko jaki?" Nauyin ciwo yake nufi. Wanda ya ce jaki, ranar babu tafiya, zama za a yi a sha hira. Yakan ce faɗin gaskiyar ciwo ba ragwanci ba ne.

Kafin damina ta yi nisa na iya zuwa kasuwa da ƙafata. Mahaifiyata ta dafa fura ta aika wa Mushe.

Da hatsi ya nuna, abokina ya ƙwallafa rai sai ya tafi gida girbi. Bai taɓa yi wa mahaifinsa aikin gona ba, ƙannensa ke yi, abin yana cin ransa. Kawun ya ce sai Mushe ya yarda. Daga nan kullum amsarsa kaza.

Wata rana na riga Mushe isa fili, na tarar da shi bayan icen nan, durƙushe, ya cusa bakin rigarsa cikin haƙora, zufa na zubo masa. Da ya gan ni ya miƙe da ƙyar.

"Kada ka gaya mishi," ya ce. "In ya ji, ba ni zuwa. Sau ɗaya dai nake so baba ya gan ni da damin hatsi bisa kai."

Mushe ya iso ya yi tambayarsa. Abokina ya ce kaza, har da murmushi. Mushe ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina tona ƙasa da yatsan ƙafa.

Abokina ya tafi Barmu. Ba a yi sati biyu ba labari ya zo cewa ya faɗi a gona da rana tsaka. An aza shi bisa amalanken jaki za a kawo shi likita, ya cika a hanya.

Mushe bai sake kirana fili ba, ni ma ban je ba. Da aka buɗe lakwal, wani aka ba wurin zaman abokina a benci.

Ciwona bai rabu da ni ba har yau, amma na yi aure, na yi aiki, kuma da abin da na koya a filin nan na yi. Bayan shekaru na haɗu da Mushe a tasha, ya tsufa, yana dogara sanda. Muka gaisa, ya tambayi iyali. Har na juya zan shiga mota ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ranar nan a fili, abokinka ya faɗa maka wani abu?"

Na ce a'a, Mushe.

Ya gyaɗa kai ya sake ni. Ta tagar mota na hango shi tsaye inda na bar shi. Daga baya na ji ya rasu. Na je gaisuwa, na zauna cikin mutane a ƙofar gidansa har la'asar, sannan na tashi na koma gida.