Garwashi a Kasko

Ina aji huɗu a firamare lokacin da Baba ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ya kawo ta gidanmu na Ƙofar Kaura. Shekara biyu ke nan da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, har lokacin hotunan 'yan takara na manne a katangun unguwa, rana ta cinye fuskokinsu. Kaka ta iso a bayan motar hatsi, da ƙullin kaya ɗaya da tabarmar sallarta. Da aka nuna mata ɗakin da aka shafe da siminti dominta, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To, kwana nawa za ni yi?"

Sunan mijinta marigayi aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana da sunana ba. Maigida take ce mini. Bayan Magariba, idan Inna ta sauke tuwo, Kaka kan ja kujerarta zuwa bakin murhu, ta tura dankali cikin toka, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena mata biyu. Takan ce, "Ga ta nan tahe, ku gyara mata wuri." Mu ce, "Ta iso lafiya."

Ba duk tatsuniya ba ce. Wani lokaci labarin garinsu take ba mu, Ruwan Tsamiya, da rijiyar da kakana da mutanensa suka haƙa da hannu. Kowace shekara idan rani ya tsaya, gari kan fito aikin gayya a yashe ta: maza su shiga da igiya, mata su kawo fura. Kaka ce ke kiran matan, ita ce kuma ta san ranar da ya kamata a fara. A lokacin zaɓe sai baƙi suka zo da mota da lasifika, suka yi alkawarin ruwa, kuma suka cika. Aka kawo inji ya huda ƙasa, aka kafa famfon tuƙa-tuƙa. Kaka ta ce ranar har da ita a masu guɗa, domin ta san abin da jan guga yake yi wa bayan mace. Shekarar ba a yashe tsohuwar rijiya ba, haka ma ta gaba. Sai famfo ya tsaya. Babu wanda ya san cikinsa, waɗanda suka kafa shi kuma ba a san inda za a same su ba. Rijiya ta riga ta cika da yashi. Gida-gida mutane suka fara ɗaure kaya. Ƙanen Kaka, Baba Ɗanjuma, ya ce shi ba ya zuwa ko'ina.

A cikin tatsuniyoyinta akwai wadda muka fi roƙo. Wai an yi wani gari da wutarsa ba ta taɓa mutuwa ba tun kafuwarsa. Idan ta wannan gida ta mutu, sai a aiki yarinya da kasko ta ɗebo a maƙwabta, a dalilin haka babu gidan da ke iya gaba da wani fiye da kwana ɗaya. Rannan sai ga baƙo da wani jan dutse a kan jaki. Ya ajiye shi a tsakiyar gari ya ce duk mai son girki ta ɗora tukunya, ba itace, ba hayaƙi. Aka gwada, tuwo ya nuna. Mata suka huta da shiga daji, idanunsu suka daina ja. Murhu ɗaya bayan ɗaya ya huce, har kaji suka riƙa ƙwai a ciki. Wata safiya aka tashi dutse ya yi sanyi kamar randa, baƙo kuma ya daɗe da wucewa. Gari ya kwana uku yana tauna ɗanyen gero.

A nan Kaka kan tsaya, ta juya dankalinta, sai mun ƙosa. Sannan ta rage murya ta ce, "Ashe akwai wata tsohuwa a ƙarshen gari, wadda ake wa dariya. Kullum tana rufe garwashi guda a kasko, ta lulluɓe shi da toka." Tsohuwar ta fito da kaskonta, aka hura, kowane gida ya ɗiba, hayaƙi ya sake tashi. Mu yi ta tafi, Kaka ta raba mana dankali.

Duk wanda ya zo daga ƙauye sayar da wake a Babbar Kasuwa, a gidanmu yake sauka, kuma Kaka ba ta barinsa ya sha ruwa sai ta tambaye shi rijiya. Da haka muka ji cewa Baba Ɗanjuma ya tara mutum biyar da suka rage, za su yashe ta. Kaka ta sami Baba a zaure, ni ina riƙe masa buta.

"Ka kai ni gida," in ji ta. "Ba a shiga rijiyar nan bayan an yi ruwan hwarkon damina. Gefenta na gabas yashi ne. Ɗanjuma bai sani ba, yana yaro aka haƙa ta."

Baba ya ce, "Iya, ki yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. Aiki ya yi yawa a ofis. Kuma me za ki je ki yi a garin da ba ruwa?"

"Abin da za ni yi ke nan," ta ce.

Ta ba wani mai wake saƙo ya kai wa Baba Ɗanjuma, amma ya tsaya cin kasuwar wani gari. Kwana tara bayan haka wani mutum ya yi sallama da hantsi, ƙafafunsa duk laka. Gefen gabas ya rufta da Baba Ɗanjuma a ciki. Sai da suka yi yini biyu suna tono kafin suka fito da shi.

Kaka ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta je zaman makoki ta dawo, ta yi makonni ba ta zo bakin murhu ba. Ranar da ta ja kujerarta, murna ta sa na roƙi tatsuniyar jan dutse. Ta dube ni, ta fara. Ta kawo baƙo, ta kawo jaki, ta kawo kaji a murhu. Da ta iso inda gari ke tauna ɗanyen gero sai ta ce, "Daga nan kowa ya kama hanyarsa. Ta ƙare."

Na ce, "Kaka, kin manta da tsohuwar."

"Ban manta ba, Maigida."

"To ina take?"

Ta juya dankali a cikin toka. Ta ce, "Ɗanta ya zo ya ɗauke ta ya kai birni. Don yana son ta."

Ban san Baba na tsaye a bayanmu ba sai da na ji ƙarar takalminsa yana komawa zaure. Daren nan bai ci tuwo ba. Kaka ta rasu lokacin girbi na gaba, a ɗakin simintin, tun zaman makokin ba ta sake ganin Ruwan Tsamiya ba.

Ina yaro na ɗauka darasin shi ne kada a yarda da baƙo. Da na girma na yi shekara ashirin da wani abu a aikin samar da ruwa a karkara, ni ne na zama baƙon, kuma na san ba mugu ba ne. Na ga matan da famfo ya ceci bayansu, na ga yaran da suka daina ciwon ciki. Baba ma ba mugu ba ne. Uwarsa ya gani tana shan ruwan kududdufi ya ɗauko ta. Abin da ke ci mini rai shi ne kowa a labarin nan alheri ya nufa, amma babu wanda ya zauna ya tambayi mai sani. Mukan shiga gari da takarda da inji, mu gaisa da mai gari, mu wuce tsofaffin da ke zaune a gindin bango ba mu san abin da ke cikin kansu ba.

Da Baba ya tsufa, idonsa ya tafi, ni nake kai shi masallaci. Wata Juma'a muna dawowa ta wajen hasumiyar Gobarau ya tsaya cak, ya damƙe hannuna, alhali mun yi shekara da shekaru ba mu yi zancen Kaka da ƙauyenta ba.

"Tafiyar awa biyu ce fa," ya ce. "Ranar Asabar ma babu aiki."

Na ce masa Allah ya riga ya rubuta. Ya gyaɗa kai, muka ci gaba da tafiya, amma har muka isa gida bai saki hannuna ba.