Dandamalin da Na Gyara wa Inna

Gidan da nake haya a unguwar Malaz da ke Riyad tsohon bene ne, kuma ɗakina shi ne na can sama, wanda aka ɗora daga baya. Ƙofarsa ta baya tana buɗewa ne kan rufin benen, inda tankunan ruwa suke. A wata kusurwa, wani da ya zauna kafin ni ya shimfiɗa dandamalin katako, faɗinsa kamar na ƙaramin ɗaki, ya tafi ya bar shi. Mai gadin benen ya ce min likita ne, wata rana kuma ya ce malamin jami'a ne. Ina jin saboda dandamalin nan na karɓi ɗakin, ko da yake a lokacin na gaya wa kaina cewa don yana kusa da inda motar ma'aikata ke ɗaukarmu ne.

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu. Daga ɗaki mai iyakwandishan nake fita, in shiga mota mai iyakwandishan, in wuni a wani ɗakin da ba shi da taga. Sai na dawo da yamma na fita kan rufin nan nake tuna cewa akwai sama.

A gidanmu na Gusau, in an yi la'asar, Inna takan share tsakar gida, ta ɗebo ruwa a kwano, ta bi ko'ina tana yayyafawa da hannu. Ƙasa ta huce, wani ƙamshi ya tashi, sannan a shimfiɗa tabarma. Ban taɓa zama na yanke shawarar yin haka a Riyad ba. Kawai dai na tsinci kaina ina yi. In na dawo aiki sai in cika buta, in yayyafa wa katakon, in tsaya ina shaƙar abin da ya taso daga jikinsa. Ba ƙamshin ƙasar gida ba ne, amma ya ɗan yi kusa da shi. Haka na yi ta yi har shekaru suka shige.

Tun rasuwar Baba nake roƙon Inna ta zo ta zauna wurina, ko na ɗan lokaci. Tana da ciwon suga, ina so likita ya duba ta sosai, kuma gaskiya ina so in dawo aiki in tarar da ita. Kullum amsarta ɗaya. Ta yi aikin Hajji, ta ga irin ɗakunan ƙasar nan, ba za ta iya zaman kulle tsakanin bango huɗu ba. Wata rana a waya na ce mata, “Akwai tsakar gida a wurina, Inna.” Har yau ban tabbata ko gaskiya na faɗa ba. Ta ce to, in sanyi ya shigo za ta zo. Na nema mata bizar ziyara. Burina ta zauna har lokacin sanyi ya ƙare, in ta ji daɗi in sabunta bizar, wataƙila ma ya zama abin da take yi duk shekara.

Da bizar ta fito sai na fita na dubi dandamalin da idon da Inna za ta dube shi. Ya yi fari fat kamar tsohon ƙashi. Katakan sun tsattsage, kawunan ƙusoshi sun leƙo, na shafa tafin hannuna sai ga sartse. Inna ba ta sa takalmi a tsakar gida, kuma na san abin da ƙaramin rauni ke zama a ƙafar mai ciwon suga. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na fara neman izinin mai gidan ta hannun mai gadi, ko da yake ya ce babu buƙata. Na yi ta karance-karance a waya har na rikice. Bayan sallar Juma'a na tambayi 'yan uwanmu masu aikin gini, biyu daga cikinsu suka ambaci mutum ɗaya, wani kafinta mai ɗaukar irin waɗannan ƙananan kwangiloli. Bahaushe ne, amma haifaffen ƙasar nan. Kakansa ne ya taho Hajji da ƙafa ta Sudan, bai koma ba. Kowa Mu'allim yake ce masa, yadda ake kiran babban ma'aikaci a nan. Shi kuma tun ranar farko ya laƙaba min Muhandis, wato injiniya. Na bayyana masa cewa ilimin sinadarai na karanta, ya ce duk ɗaya ne.

Da ya zo ganin aikin, ya tsuguna ya soka makullin motarsa a jikin wani katako, ya shige kamar a biredi.

“Muhandis, ruwan sama ake muku a nan ku kaɗai?”

Na ce ban gane ba.

“Katakon nan ya sha ruwa ya ƙoshi, rana ta gasa shi, ya sake sha. A Riyad! Ko tanki ne ke yoyo?”

Ya tashi ya zagaya tankunan, ya dudduba bututu, bai ga komai ba. Sai a lokacin na ce masa wataƙila, ban dai sani ba, ko yayyafin da nake yi da yamma ne. Ya dube ni, ya dubi butar da ke jingine a bango, ya fashe da dariya har sai da ya zauna a bakin dandamalin.

“Wallahi kakata ke nan! A Makka, a kan siminti, kullum yamma. Har na ƙasa da mu suka hau suka ce ruwa na ɗiga a ɗakinsu. Ta ce to su matsar da gadon.”

Ya faɗa min yadda aikin zai kasance. Zai wanke katakon da inji mai feshin ruwa, a bar shi ya bushe sarai, ya cire waɗanda suka ruɓe ya sa sababbi, ya mayar da ƙusoshi ciki, ya goge da samfefa har ya yi sumul, sannan ya shafa mai sau biyu, irin man da ke toshe katako ya hana ruwa shiga.

Na tambaye shi, cikin ɗari-ɗari, ko bayan an shafa man za a iya ci gaba da yayyafi.

“Ka juye bokiti ma in ka so. Ba zai shiga ba. Ai abin da ka kira ni in yi ke nan.”

“Ƙamshin fa?”

“Wane ƙamshi? Ruɓewa kake shaƙa, ya shaikh.”

Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Na kira shi daga baya na ce ko za a goge kawai, a bar man. Ya ce zai iya, amma da an fara zuba ruwa sartse zai dawo, kada in ce bai faɗa ba. Na kwana ina juya maganar. Na gaya wa Inna akwai tsakar gida, kuma na san abin da za ta fara nema a tsakar gida. Amma ƙafarta ce ta tsaya min a rai. Da safe na ce ya shafa.

Aikin bai tafi yadda na tsara ba. Ya wanke, ya ɓace. In na kira sai ya ce, “Bukra, Muhandis, in sha Allah,” goben kuma ta zo ta wuce. Ranar zuwan Inna na matsowa, ni kuwa ina tsaye a wurin aiki ina duba waya. Sai wata Asabar ya bayyana da injin gogewa, ya wuni a durƙushe, garin katako ya rufe masa gira da gemu. Da ya gama sai ga asalin launin katakon, ja-ja mai ruwan zuma, wanda ban taɓa sanin yana da shi ba. Ya sa ni na cire takalmi na taka. Na bi kowane katako da tafin ƙafa, sannan na sake bi da hannu, yana tsaye yana kallona.

“Ka kawo madubin asibiti mana ka duba,” in ji shi.

Shafi na biyu ya bushe ana saura kaɗan Inna ta sauka. Warin man bai gama fita ba, na yi ta kunna turaren wuta a wajen.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana. Yammar farko da na fito da ita kan rufin, ta tsaya ta dubi dandamalin, ta dubi katangar da ta kewaye rufin, wadda ta fi tsayin mutum, ta ɗaga kai ta dubi sama. Ta ce babu laifi. Sannan ta ce, “Kai, miƙo min kwano da ruwa.”

Na miƙa mata. Ta tsoma hannu ta watsa, yadda na san hannun nan yana yi tun ina yaro. Ruwan ya sauka ya tsaya ɗigo-ɗigo a kan katakon kamar an zubar da tsakiya, ko ɗaya bai shige ba. Ta jira. Ta ƙara watsawa. Da ta ɗaga ƙafa ta taka sai santsi ya ɗan ja ta, na yi wuf na riƙe mata gwiwar hannu. Na zaunar da ita, na ɗauko tsumma na bi na goge duk abin da ta yayyafa, tana kallona.

Washegari na ce, “Inna, da dai an bar yayyafin nan, saboda santsi.”

Ta ce, “To.”

Ba ta sake neman kwano ba. Takan share wurin, ta shimfiɗa tabarmarta, ta zauna da carbi. Da asuba nake fita, sai kusan magariba nake dawowa, in tarar da ita a inda nake zaton na bar ta. Likita ya duba ta, ya canza mata magani, ya ce ƙafafunta lafiya lau. Na yi murna da wannan sosai. Ita kuwa tambayar da ta yi min a hanyar dawowa ita ce, “Wai nan ba mai shigowa ne?”

Wata Juma'a na lura wani katako ya fi sauran duhu, hankalina ya tashi, na kira Mu'allim. Ya ce ba komai ba ne, na nace, ya ce zai biyo bayan la'asar. Tun daga matakala ya ɗaga murya ya yi sallama. Inna ta amsa da ƙarfin da ban ji ta yi magana da shi ba tun saukarta, har ta gyara zama ta ja mayafi.

Ya tsuguna ya gaishe ta. Ta tambaye shi mutanen gida, ta tambaye shi ɗan wane gari ne. Ya ce an ce musu daga wajen Haɗeja suke, amma shi bai taɓa zuwa ba.

“Shi ya sa Hausarka duk ta kakkarye, ɗan nan.”

“Ita ce ta rage mana, Hajiya, muna lallaɓa ta.”

“Haɗeja ai garin kifi ne. Ka girma haka ba ka ci kifin garinku ba?”

Ta sa na ɗauko dambun naman da ta zo da shi, ta cika masa hannu. Ya tambaye ta ko gaskiya ne a can ana wuni ana ruwan sama. Ta ce har a kwana ma. Ya ba ta labarin kakarsa da maƙwabtan ƙasa, ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. Sai ta buga katakon da tafin hannu.

“Ashe kai ne ka toshe wa abin nan baki, ba ya shan ruwa.”

“Shi ne ya sa ni, Hajiya,” ya nuna ni. “Sai da ya kwana bai yi barci ba. Ya ce ƙafarki.”

Inna ta dubi ƙafarta. Ba ta dube ni ba. Shi kuma ya leƙa katakon da na kira shi dominsa, ya ce haka Allah ya yi itacen, ya yi mana sallama ya sauka.

Na ɗauka na gano maganin abin. Tun yana kan matakala na fara lissafa waɗanda zan gayyato, matar wani abokin aikina, wata nas 'yar Sakkwato da na sani, iyalin Mu'allim ɗin kansa. Na fara faɗa mata ke nan ta katse ni a hankali.

“Ka yi ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka. Amma wanda aka gayyato ai baƙo ne.” Sannan ta ce, “Ka duba min tikitin nan, ko za a iya matso da shi.”

Na ce sanyi bai ma yi nisa ba. Na ce akwai sauran ganin likita. Na ce wataƙila in ta ƙara mako biyu za ta saba. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta sani. Ina jin zuwan Mu'allim ne ya tuna mata abin da ta baro, ko da yake ba zan iya rantsewa ba. Wani lokaci ina tunanin da na bar katakon yadda yake, da ta sami abin yi da yamma, da ta ƙara kwanaki. Wani lokaci kuma ina tuna sartsen da ya shiga hannuna. Ban kai ƙarshen wannan tunanin ba.

Ta koma tun bizar ba ta yi rabi ba.

Kwanaki kaɗan bayan saukarta na kira ta da yamma, ina zaune a kan dandamalin da kayan aiki a jikina. Muna cikin gaisawa sai ta ce, “Tsaya, ga mutane,” ta ajiye wayar a kan tabarma ba ta kashe ba. Na ji wata mata tana yi mata barka da dawowa, tana tambayar tsaraba. Na ji ana jan kujera, wani yana neman aron turmi, akuya tana kuka daga can ƙofar gida. Inna tana ba su labarin Riyad, tana cewa ɗakin ɗan nata a can sama yake, kusa da tantabaru. Ta manta da ni a kan layi. Na ƙara muryar wayar, na kanga ta a kunne, ban kashe ba har sai da kiran ya katse da kansa.