Fiton da Baba Kunne Ya Ji a Injinsa

Ba a taɓa ganin Baba Kunne da baƙin mai a hannu ba, amma duk layin gareji babu bakaniken da ake ji da shi kamarsa. Shi ba ya kwancewa, ba ya ɗaurawa. Sana'arsa saurare ce. Yana da wata doguwar sukundireba mai jan kai. In an kawo mota sai ya kafa bakinta a jikin inji, ya manna kan a kunnensa na hagu, ya lumshe ido, ya yanke hukunci: "Belin ne." Ko kuwa, "Fistin na uku." Daga nan ya koma bencinsa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, masu ƙazamin hannu su kwance su tarar haka ɗin ne. Shekara talatin da 'yan kai da wannan kunnen ya ci, ya sha, ya yi gida, ya aurar da 'ya. Sunansa na yanka ma sai a katin asibiti.

Da Allah ya ba shi kunnen, sai ya haɗa masa da baki. Direba ya shigo da mota tana ƙara, kafin ya gama sallama an tare shi: "Kai da wannan kake yawo sati guda? Kunnuwan nan naka na rataye tabarau ne?" Wanda ya fi kowa shan wannan bakin shi ne surukinsa, mijin babbar 'yarsa, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Laifinsa ɗaya: yana aiki a wurin da ake sabunta inji. Su karɓi tsohon inji, su kwance shi kaf, su wanke, su gwada kowane ƙarfe da na'ura, su sa masa sababbin kayan ciki, su ba wani mai mota. Baba Kunne yana kiran irin wannan inji tsohuwa da jan baki, surukin kuma likitan kwamfuta. Shi dai bawan Allah sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba."

Baba yana da tasa motar, tsohuwar motar ɗaukar kaya, fentinta ya gaji ya tafi tun tuni, ƙofar fasinja da waya ake ɗaure ta. Amma injin! Dattijo yake kiransa. Shekara ashirin da biyu suna tare, kuma in ka ji yana ba da labarinsa sai ka ɗauka a ciki ɗaya suka kwanta.

To, wata safiya ya ta da Dattijo, sai ya ji wani siririn fito can ƙasa-ƙasa, tsiii. Ya kafa sukundireba nan, ya kafa can, fito yana nan, amma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya sa aka sauya fanbel. Yana nan. Aka sauya filogi, aka sauya belin, aka kwance salansa aka mayar. Yana nan daram. Ya tara bakanikan layin ya ce su saurara. Suka sunkuya, suka kalli juna, mai walda ya ce shi fa bai ji komai ba.

"Yo da kana ji, da walda za ka ƙare?"

Daga ranar kowa ya fara jin fiton. Wani ma ya rantse ya ji shi tun daga bakin titi.

A gida ma abin ya bi shi, amma Baba ba ya rasa mai laifi. Ya ce firji ne, aka fitar da firji tsakar gida. Ya ce fankar falo ce, aka kashe ta, iyali suka zauna cikin zufa don darajar kunnen maigida. Maiɗakinsa, wadda kujerarta take hagu da tasa tun ranar da aka sayi kujerun, ta lura rediyo ya ƙara murya, kuma sai ta kira abinci sau uku kafin a juyo. Ta yi magana, Baba yana kallon bango yana tunanin fistin.

Wata biyu ana haka, ya tsaya gaban jama'a ya yi abin da ya saba yi wa injinan mutane. Ya dafa bonet ya ce Dattijo ya gama, ciwon a can cikin jiki yake, ba mai ta da shi. Wallahi abin ya taɓa shi. Sabon inji irin wannan an daina yi, saboda haka ya haɗiye shekarun zagi ya aika a kira likitan kwamfuta.

Surukin ya zo, ya durƙusa ya gaida shi, ya ta da motar ya saurara. Ya ce, "Baba, ko in jona na'ura mu duba tukuna?"

"Ni na ce ya mutu, kai kuma kwalinka zai ce yana da rai? Ku ba ni ɗaya daga cikin tsofaffinku masu jan baki, ku ɗauki wannan."

"Haka ne, Baba."

Ƙa'idar wurin ke nan, ka kawo tsoho, ka tafi da sabuntacce. Aka ɗaga Dattijo da sarƙa, yana lilo yana ɗigar mai, Baba ya juya baya wai ƙura ta shigar masa ido. Bayan sati aka ɗaura masa wani, an fesa masa toka-tokan fenti yana ƙyalli.

Kwana uku bai ji komai ba, ko kuma bai yarda ya ji ba. Ya zaga gari yana taka totur, ya dawo benci ya buɗe sabon karatu. Ashe sabuntaccen inji abu ne mai kyau, in dai an sami mai kunne ya zaɓa. Ashe ma shi ya daɗe yana faɗa. Bakanikan da suka sha shekara goma suna jin akasin haka suka gyaɗa kai, don kowa yana son ya ci abincinsa lafiya.

Rana ta huɗu, yana tsaye a danja, sai ga shi, tsiii. Shi ɗin dai, ba ƙari ba ragi.

Ai ko gareji bai biya ba. Ya wuce wurin su surukin, ya kutsa motar har cikin rumfa, ya fito ya bar ta a kunne. Rumfar cike take da ƙara: injina uku a kan tebur na gwaji, ga kwamfaresa, ga mai wanke ƙarfe. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya ce sun cuce shi, sun ba shi mara lafiya irin wanda ya kawo, ciwo ɗaya sak.

Surukin ya goge hannu ya nuna teburin ƙarshe. "Baba, ga naka can. Mun buɗe shi. Gaskit ɗaya muka samu ya ɗan ci, shi ke nan. Masu gwaji ma sun ce sun daɗe ba su ga inji mai lafiyarsa ba. An riga an ba wani, gobe zai ɗauka."

Baba ya kalli Dattijo, an wanke shi fes, yana aiki sumul a hannun baƙi. Zuciyarsa ta yi zafi. Ya ce, "Ƙarya ne! Hayaniya ce ta hana ku ji. Ku kashe komai, a bar motata kaɗai, yanzu in nuna muku aikinku."

Aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka kashe. Fito yana nan, ya ma fi fitowa. Baba ya ɗaga yatsa sama. "Kun ji ko?" Surukin ya taka a hankali, ya zura hannu ta taga ya murɗa makullin motar Baba, ita ma ta yi shiru.

Tsiii.

"Wanne ne ba a kashe ba?" in ji Baba Kunne.

Ma'aikata goma sha wani abu, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Surukin ya buɗe baki, kuma a karo na farko tun da ya shigo dangin, "haka ne" ta ƙi fitowa.

Da la'asar motar ta tsaya ƙofar gida, amma mai ita bai fito ba. Maiɗakinsa ta leƙo, ta gan shi zaune, hannu a sitiyari, jar sukundireba a cinya. Ta zo taga ta yi magana. Ya ga bakinta yana motsi. Ta zagaya ɗaya gefen, ta warware wayar ƙofa, ta shiga ta zauna a damansa.

"Na ce abinci ya huce, Malam."

Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, don bai iya wata sana'a ba, kuma gobe da safe za a kawo mota a tsaya ana jiran ya lumshe ido.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin a fitar da firji."

"Shi ne kika zuba min ido na ba da Dattijo? Me ya hana ki faɗa?"

Ta ɗauki sukundirebar daga cinyarsa, ta goge jan kan da bakin mayafinta, ta mayar masa a hannun dama.

"Sau uku ina faɗa maka a falo, Malam. A hagunka nake zama."