Dillalin Kifi da Ƙwayar Cikin Hula

A kasuwar Dole Kaina akwai wani dillalin kifi da ban san sunansa ba. Ƙato ne, tumbinsa kan riga shi shiga rumfa, amma yau yana dafe da ginshiƙi saboda jiri. Gumi na tsiyaya, jifa-jifa yana zabura kamar lantarki ya ja shi a ka. Ya zagi ƙuda, ya zagi kwando, sai kuma ga hawaye.

Mata masu bandar kifi suna raɗa wai mutanen ruwa ne suka taɓa shi. Ni kam na san wannan aljanin. Yana zaro ƙwaya daga naɗin hularsa na gane ta: maganin ciwon damuwa ne, irin nawa. Ina jin ya ƙetara ƙasar Benin da abokai, kunya ta hana shi shan maganin a gabansu kwana biyu, shi ne rashinsa ya kada shi.

Yana korawa da kunu muka haɗa ido.

"Mi kake kallo, malam?" ya ce da ƙarfi don rumfa ta ji. "Na basir ne!"

Nan da nan kowa ya shiga yi masa sannu. Basir dai ciwon masu mutunci ne.