Sanyin da Ya Kashe Motar Zailani

Ni Zubaida mai ƙosai ta bakin tashar Daura, ba na son a tayar mini da zancen motar ƙanena Zailani, don duk ranar da aka tayar sai na ƙona kasko guda. Amma tunda har yau akwai marasa kunyar da ke cewa wai tsufa ne ya kashe motar, bari in faɗi yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Mu uku iyayenmu suka bari. Ni ce babba, sai Zailani, sai autanmu Abbas. Zailani tun yana saurayi ba shi da zance sai na mota. Ya daɗe yana tuƙa wa wani ɗan kasuwa, yana kai kaya Kongolam ta bakin iyaka yana dawowa, har ranar da wata ma'aikatar gona ta yi gwanjon tsofaffin motocinta. Sai ya sayar da gonarsa ta gado ya sayi akori-kura mai ja da ƙafa huɗu. Na yi masa tatas a ranar, na ce wane mai hankali ne zai ba da ƙasa ya karɓi tsatsa? Bai tanka mini ba. Haka yake, shirunsa kaɗai ya isa ya sa mutum hawan jini.

Tun a lokacin motar ta kwana biyu a duniya. 'Yan tasha suka sa mata suna Gwaggo, saboda ba ta sauri, kuma da safe sai an lallaɓa ta. Suna dariya, amma ita ce ke shiga ƙauyukan bayan Baure, inda yashi ke haɗiye ƙananan motoci har wuya. Gero ne, wake ne, awakin kasuwar Mai'Adua ne, mai naƙuda ce, gawa ce, duk Gwaggo. Da ita ya ciyar da matarsa Haulatu da 'ya'yansu, da ita ya yi wa Abbas ɗin nan aure. Sama da shekara ashirin ba a taɓa jawo ta da igiya ba.

Sirrin kuwa ba wani abu ba ne, wata 'yar allura ce a gaban sitiyari, wadda ke nuna zafin ruwan inji. Kullum da safe zai zo ya tsaya kusa da rumfata, ya duba ruwan lagireto, ya wanke ƙaiƙayin da ya toshe shi, ya tayar da mota, sannan ya zauna a bencina yana cin ƙosai. Ba zai motsa ba sai allurar ta tashi daga ƙasa ta tsaya dab da tsakiya. Fasinja su yi ta tsaki, ko a jikinsa.

Wata rana na gaji na ce, "Kai Zailani, wannan wane irin iyayi ne? Mutane na gudun mota ta yi zafi, kai kana zaman jiran ta yi?"

Ya ce, "Yaya, in kika zuba ƙullu a mai bai yi zafi ba, me ke faruwa?"

Na ce, "Ya shanye man, ya yi lagwaɓ-lagwaɓ."

"In kuma ya yi zafi da yawa?"

"Ya ƙone mana."

"To haka inji yake. Ruwansa sai ya yi zafi sosai, ya kusa tafasa amma bai tafasa ba. A nan yake jin daɗin aiki. In ya yi sanyi mai kawai yake sha, yana cin kansa a hankali."

Tun daga ranar na gane, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba. Amma je ka gaya wa ƙattin tashar nan! Su a wurinsu motar kirki ita ce wadda allurarta ke kwance a ƙasa daga safe har yamma. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba mai waya a nannaɗe, kanikawa na ce masa tamosta, yana zaune a bakin tiyon ruwa. Shi ke tsare ruwa sai inji ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanya. To duk motar da ta shigo garin nan, kafin ma a wanke ta, sai an kai ta an cire shi. Wai na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, mu nan rana ta ishe mu. Sagir bakanike, wanda garejinsa ke kallon rumfata, har tsohon bokiti gare shi da yake jefa su ciki. Ina suya ina jin ƙarar: ƙwal! An cire wani.

Sagir ya sha yi wa Zailani tayi. "Malam Zailani, kawo Gwaggo in raba ta da wannan wahalar, ka ga yadda za ta yi sanyi kamar randa."

Sau ɗaya na ji ya ba shi amsa mai tsawo. Ya ce, "Sagir, allurar da ke tsakiya ita ce mai magana. In ta hau, na san in tsaya. In ta faɗo ƙasa ina cikin tafiya, na san ruwa ya tsiyaye, don abin da ke auna zafin a cikin ruwa yake zaune, in ba ruwa ba abin da zai auna. To wadda kullum take kwance fa, ranar da ruwa ya ƙare me za ta gaya maka?" Sagir ya yi dariya ya ce Malam Zailani akwai wa'azi.

Sai yanar ido ta kama shi. A hankali ta zo, yana ɓoyewa, har wata safiya na ga ya sunkuya ya kusa manna fuska da gilashin allurar. Ya daɗe a haka. Sai ya kashe mota, ya ba fasinja haƙuri, ya ce su nemi wata. Hanya yana ɗan ganinta, amma ya ce tunda ba ya ganin allura ba zai ɗauki ran kowa ba. Wallahi ranar na yi kuka, na ce wa masu saye hayaƙi ne.

Aka rubuta sunansa cikin waɗanda za a yi wa aikin ido a Katsina, aka ce ya jira a kira shi. Abin da ya riƙe shi ke nan a zaman da ya yi: za a kankare yanar, ya koma cikin Gwaggo. Ba ya zancen ganin 'ya'yansa ma kamar yadda yake zancen ganin allurar nan, har Haulatu na yi masa tsiya a kai.

Amma gida sai da abinci. Abbas, wanda ya ɗan taɓa tuƙin ƙananan motoci, ya zo ya durƙusa ya ce a ba shi ya riƙa juyawa kafin Yaya ya warke. Dangi suka sa baki, wai ɗan'uwanka ne, wa ya fi shi cancanta? Zailani ya miƙa masa makulli a gabana. Bai yi masa zancen abin da zai riƙa kawowa ba. Abu biyu kawai ya ce: ya wanke lagireto kullum, kuma kada ya bar kowa ya taɓa tamosta. Abbas ya rantse har da dafa ƙirji.

Wanke lagireto? Abbas da ko fuskarsa sai matarsa ta tuna masa! Bazara ta shigo, rana kamar ta fasa kai, ƙaiƙayi ya toshe lagireto, ga lodin da yake yi mata har tana tafiya a karkace. Allura ta ɗan wuce tsakiya. Maimakon ya ɗebi ruwa a buta ya wanke abin da aka ce ya wanke, sai ya nufi garejin Sagir.

Ina tsaye ina kallo aka ɗaga bonet. Na ajiye matsami na tsallaka titi, ko takalmi ban tsaya sawa ba.

"Abbas! Me yayanka ya ce maka?"

"Yaya Zubaida, don Allah kada ki tara mini jama'a. Zafi take yi."

"Zafin uwaka! Ka wanke ta yau? Ka wanke ta jiya?"

Sagir ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, ki koma wajen kaskonki, wannan ba ƙullu ba ne." Masu zaman banza suka kwashe da dariya. Kafin in rufe baki na ji ƙwal a cikin bokiti.

Na sa hannu cikin baƙin man nan na tsamo shi, da sauran ɗuminsa. Na naɗe shi a takardar da nake ƙunshe ƙosai, na bar wa maƙwabciyata kasko, na tafi gidan Zailani. Yana zaune a zaure. Na ɗora masa a tafin hannu. Ya shafa shi ta cikin takardar da yatsa, ya shafa. Ya aika aka kira Abbas.

"Yaya, kowa haka yake yi," in ji Abbas. "Ka ga yadda ta yi sanyi kuwa? Allurar ko motsi ba ta yi."

"Abin da nake tsoro ke nan. Ungo, ka mayar da shi yau."

"To Yaya, in sha Allahu."

In sha Allahun da ba a yi niyyar cikawa ba! Kullum da safe sai na tare shi, kullum sai ya ce gobe, Sagir ba ya nan, ga fasinja na jira. Da na ce a karɓe makullin, sai kawunnanmu suka ce ni ce mai raba zumunci, mace ba ta san mota ba. Abbas kuma ya je ya gaya wa makaho an mayar. Na ce ƙarya ne, ya rantse. Zailani ba ya gani, da me zai tantance? Ya zaɓi ya yarda da ƙanensa.

Aka kira shi Katsina, Haulatu ta raka shi. Yana can kwance da bandeji a ido, Abbas ya lafta wa Gwaggo buhunan gero daga wani ƙauye a bayan Baure, da mutane a kai, da tsakar rana. Tiyon ruwa na ƙasan lagireto ya tsage, ruwa na zuba cikin yashi ba mai gani. Wata mata da ke gaba ta gaya mini da bakinta cewa ta ce masa, "Direba, ina jin ƙauri." Ya nuna mata allura ya ce, "Inna, duba, ta ɗan motsa ɗazu ta koma. Motar nan sanyi ƙalau." Ya ƙara taka ta. Bai tsaya ba sai da inji ya yi wata irin ƙara ya ɗauke. Kuma don a cika mugun aiki, ya roƙi ruwan rijiya a wajen masu ban ruwan shanu, ya sheƙa wa ƙarfen da ya yi jawur. Suka ji ƙas! Ya tsage.

Tarakta ce ta jawo ta har ƙofar gida, da igiya, yara na bi. Kanikawa uku suka duba, har da Sagir mara kunya, suka ce injin ya tashi aiki, kuma irinsa ko an samu ya fi ƙarfinmu. Nan take kowa ya zama malami. Ƙaddara ce. Ai dama ta tsufa. A yi haƙuri. Ni ma na yarda da ƙaddara, na fi su yarda, amma ba ƙaddara ce ta riƙe sifana ta kwance tiyo ta cire tamosta ba, a gabana aka yi! Suka ce kada a gaya masa sai ya dawo. Wannan kaɗai na bi su a kai, don ina tsoron kuka ya ɓata aikin idon.

Ya dawo da hantsi, da baƙin tabarau, yana tafiya ba mai riƙe masa hannu. Daga bakin lungu yake gaishe da mutane da sunayensu, yana dariya, yana cewa ashe duk kun tsufa. Sai ya hango ta. Ya ga igiyar da ba a ko kwance ba, ya ga baƙin man da ya malale a ƙasa. Dariyar ta tsaya.

Ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna. Ya cire tabarau. Ya sa hannu a aljihun mota, ban san me yake nema ba, sai ga takardar ƙosaina da maiƙonta, a naɗe yadda na naɗe ta. Ya warware, ya kalli ɗan ƙarfen.

Abbas ya zube a ƙasa yana kuka. "Yaya, ka yafe mini. Wallahi tallahi allurar ba ta hau ba."

Zailani ya murɗa makulli. Fitilun gaban sitiyari suka kawo, inji ko tari bai yi ba. Ya daɗe yana kallon allurar.

"Na sani," ya ce. "Ga ta nan a kwance. Ina ganinta tar."

Ni ce na yi ta zagi har muryata ta dishe, aka riƙe ni aka kai ni cikin gida.

Ya yafe wa Abbas, ni ban yafe ba, kuma kada wanda ya zo mini da wa'azi. 'Yan gwangwan sun zo sun yanka Gwaggo sun auna. Sagir na nan, ya cika bokitin ya sake wani. Zailani kuwa ba gona, ba mota, ga ido garau. Yana taya 'yan kamasho kiran fasinja, a ba shi abin da aka ga dama.

Har yanzu da safe yakan zo a daidai lokacin da ya saba, ya zauna a bencina, in zuba masa ƙosai. Yana ci a hankali, kamar da. In ya cinye sai ya goge hannu, ya juya ya kalli wurin da take tsayawa, ya ci gaba da zama.